Abin da Na Jefa a Murhu

Gangara, ranar Laraba

Zuwa ga jikata Zuhaira,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kin isa Tanout lafiya, kin iske mijinki Nasiru lafiya, da surukarki Adawiyya da mutanen gida duka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa, kin san halinta.

Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan bokon da muka koya a karatun manya. In harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki. Ba maganar da zan sa wani ya rubuta mini ba ce, ba kuma ta tarhon maƙwabta ba, inda ake tsaye a kan mutum ana saurare. Aghali direba zai kawo miki. Ba ya karatu, kuma na ɗinke bakin takardar da zare.

Kin tafi ba sallama. Ko furar da na dama ba ki taɓa ba. To, ba haƙuri na zo ba ki ba. Allura nake nema a jakarki, ba bincike na shiga ba. Na iske ƴar jakar ƙyalle, a ciki abubuwa huɗu na roba, farare, sumul. Ƙaramin kamar ɗan yatsa, babban ba sai na faɗa ba. Ga wani mai a gefe. Na tsufa amma ban makance ba, na san siffar abin. Na zuba su a murhu, kin ga hayaƙin, kin ji warin. Sunan da na kira ki ma kin ji, ba zan sa shi a takarda ba. Ke kuwa kika tsaya kina kallon wutar.

Ni na goya ki tun ranar da uwarki ta rasu. Ubanki na Agadas wajen nema, amana ya bar mini ke. Nasiru kuwa ke kika kawo shi da bakinki, da girmanki da hankalinki. Ga shi wata goma da biki.

Yanzu ki ji abin da ba ki sani ba. Kwana uku kafin ki zo, Adawiyya ta aiko ƙanwarta da goro. Saƙon shi ne har yau ba ki karɓi mijinki ba. Ta ce gurya ce, wannan tsoka da ake cewa tana tare gaban mace, za ta kira wanzami ya yanke ta in an gama sa hatsi a rumbu. Kin san wanzami ba ya sa aska a jikin ƴar mutane sai babbar gidansu na nan ta riƙe ta. Na ajiye goron ban taɓa ba, ina tunani. Da na ga abin da ke jakarki na ce to, ga guryar nan, mace ta samu roba ina za ta kula miji. Ranar da kika tafi na fasa goron na ci, na aika wa Adawiyya cewa zan zo in riƙe ki.

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba. Ki yi wa kanki faɗa. Na sa miki kuka da daddawa a leda, kin manta su a bakin randa.

Ki gaida Nasiru. Allah ya shirye ki.

Kakarki,
Hawa


Gangara, ranar Asabar

Zuwa ga Zuhaira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ina fatan jiki da sauƙi. Nasiru ya ce ba ki cin abinci. Ki ci. Yunwa ba ta gyara komi.

Jiya bayan an sauko Juma'a ya zo a kan moto, babur ɗin nan nasa. Kin san in ya shigo sai ya ce ina tsohuwar amaryata, in ce masa ina zanen da ka yi mini alkawari. Jiya ba wasa. Ya zauna gindin aduwa, ya samu kara yana tonon ƙasa, malamin lakwal guda, mai koyar da yara boko, ya kasa haɗa magana. Har na ce masa in mutuwa aka yi ya faɗa. Sai ya ce abubuwan da na ƙone tare kuka je kuka karɓo su.

Ya gaya mini duka, idonsa a ƙasa. Ya ce tun daren farko jikinki ya rufe. Ba ƙi kike ba, kina so, amma da an zo wurin sai jiki ya damƙe kamar hannun da aka dunƙule, zafi kamar wuƙa. Wata shida kuna ɓoyewa. Da aka yi hutun lakwal ya kai ki likita a Damagaram, wajen ungozomar asibiti, wadda kuke ce wa sajfam. Ta duba ta ce ba abin da ya tare, ba tsokar yankewa. Ita ta sa aka kawo robobin nan daga Yamai, kun yi wata biyu kuna jira. Ya ce da ƙaramin ake farawa, da man, ke kaɗai da hannunki, kullum ɗan lokaci, har jiki ya gane ba cuta za a yi masa ba, sannan a wuce na gaba. Ya ce kin gama da na ɗaya kin kama na biyu, ranar har kaza ya yanka.

Na ce to me ya kawo ki Gangara da su. Ya ce ɗakinku labule ne ba ƙyaure, kowa faɗowa yake ba sallama, uwarsa, ƙannensa, maƙwabta. Kika ce bari ki je wajen Iya, can ba mai damun ki.

Wato wurina kika gudo neman rufin asiri.

Na ce masa shi fa, wata goma, bai gaji ba? Ya ce ai ba kasuwa ba ce da za ta watse. Yaron nan ya fi ni hankali, ni da na haifi sa'ar uwarsa. Abin da ya dame shi uwar ce. Ta riga ta yi magana da wanzami, tana faɗi a gida cewa kakar yarinya da kanta ta ci goro, wa ya rage ya hana. Shi kuma ɗa ne, in ya buɗe baki sai ta ce ba maganar maza ba ce.

Da ya tafi na tona tokar da na zubar bayan ɗaki. Na samu dunƙule ɗaya baƙi, duk sun manne. Na daɗe riƙe da shi. Na haƙa rami na rufe.

Ban iya ba da haƙuri ba, ba a koya mini ba. Amma na yi ɓarna, kuma sunan da na kira ki ya dawo kaina. Tun jiya ban fita ko rijiya ba, gani nake kowa ya sani.

Allah ya ba ki lafiya. In kina da abin faɗa mini, Aghali na dawowa ran kasuwa.

Kakarki,
Hawa


Gangara, ranar Alhamis

Zuwa ga Zuhaira,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Yaya jiki, yaya gida? Aghali ya dawo hannu wofi. Ban yi mamaki ba, ni ce ma da ban amsa ba.

Wannan takarda in kin karanta ki ƙone ta. Kin ga ni gwanar ƙonawa ce, ke ma ki gwada.

Abin da ke damun ki, ni ma shi ne. Shekara hamsin da wani abu ban faɗa wa mahaluki ba.

Ina son kakanki. A bikin wata ƙawata na gan shi, ni na fara yi masa dariya. Da aka kai ni ɗakinsa jikina ya rufe, yadda Nasiru ya faɗa, ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Kwana arba'in muna a haka. Matan gida suka gane. In na fito daka sai a yi ta tari ana kallon juna. Wata ta ce aljani ne ya riga shi, wata ta ce iskanci ne. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutun sha. Daga ƙarshe aka ce gurya.

Kakata ce ta riƙe ni. Da safe ne, bayan rumbu, a kan tsohuwar tabarma. Ta zauna a bayana ta maƙale ƙafafuna da nata, ta ce in na yi kuka na kunyata gidanmu. Ban yi ba. Jini ya yi kwana uku yana zuwa, zazzaɓi ya biyo, har an fara cewa a aika wa dangi. Na tashi. Har yau in na yi tari mai ƙarfi fitsari kan zubo, sai na sake zane, kin sha tambayata me ya sa nake yawan wanki.

Kuma bai warkar da komi ba. Wannan ne nake so ki ji. Jikin bai buɗe ba, tsoro ma ƙaruwa ya yi. Abin da ya sake kawai, na daina cewa wayyo. Na koyi cusa bakin zane a baki in ciza har a gama. Da haka na haifi biyar. Mata suka ce kun gani, wanzami ya iya aiki.

Kakanki ba mugu ba ne. Yana ganin yadda nake sandarewa in ya shigo. Da shekaru suka ja sai ya rage zuwa, ya koma kwana a zaure wai zafi. Ana saura ƴan kwanaki ya rasu ya ce in yafe masa, ya san ban taɓa son sa ba. Na ce na yafe. Iyakar abin da na ce ke nan. Ya tafi da wannan.

To kin ga girman abin da na yi. Ƙona roba, sai in ce jahilci. Amma goron fa? Na san askar, na san tabarmar, na san ba ta magani. Da saƙon Adawiyya ya zo na gane irin nawa ne, shi ya sa na kwana uku ban taɓa shi ba. Da na ga robar nan sai na ji sanyi, na ce ashe ba irin nawa ba ne, lalacewa ce. Ya fi mini sauƙi ki zama lalatacciya da ki zama ni. Na ci goro don kada in tuna.

An fara ɗaure hatsi. Kwana bai fi goma ba a sa a rumbu. Gobe zan hau mota zuwa Damagaram. Nasiru ya rubuta mini sunan sajfam ɗin a guntun takarda.

Allah ya tsare ki daga hannun tsofaffi irina.

Kakarki,
Hawa


Tashar Tanout, ranar Litinin

Zuwa ga Zuhaira,

Gaisuwa da fatan alheri. A kan benci nake rubutu ina jiran mota ta cika, ki yi haƙuri da rubutun. Na shiga gidanku ɗazu, kin ji muryata, ba ki fito ba. Ban ɗaga labulen ba. Na yi shisshigi sau ɗaya ya ishe ni.

Na je Damagaram. Na kwana uku wajen wata ƴar garinmu, na ce mata gwiwa na zo nunawa. A likita aka nuna mini layin sajfam, duk masu ciki ne. Na zauna a tsakiyarsu da sandata. Wata ƴar banza ta ce Iya wata nawa ne, layi duka ya kwashe da dariya. Na ce mata wata ɗari shida, haihuwar ce ta ƙi zuwa. Suka ƙara dariya. Ba su san gaskiya na faɗa ba.

Da na shiga sai na ga yarinya ce, ba ta fi ki da yawa ba. Na faɗi sunanki, ta gane. Na ce ni ce kakar, na ƙone kayan. Na zaci za ta zage ni, na ma fi son haka. Sai ta jawo mini kujera. Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci, bakina bai kama ba. Ta kawo yatsa kusa da idona, na ƙifta. Ta ce wa ya sa ni ƙiftawa, na ce ba kowa. Ta ce to haka naman wurin yake yi, shi ke tsare kansa, ba da izinin mai shi ba. Ta ce ido in yana ƙiftawa ba a yanke fatarsa.

Ta ce in gaya miki tun da an yi kwanaki, ki koma na ɗaya, kada ki ji kin faɗi. Ki sa man da yawa, ki ja numfashi a hankali, in ya yi zafi ki tsaya, ba a dole. Nasiru ya ci gaba da haƙuri har ke ki ce masa. Ki koma wurinta in wata ya kama.

Na ce yanzu wata biyu za a sake jira daga Yamai? Ta buɗe akwati ta fito da sababbi a ledarsu. Ta ce na wata ce da aka kawo wa tun bara, ba ta dawo ba. Ban tambayi abin da ya hana ta dawowa ba. Na sani, askar wanzami ce.

Zan fita ta ce ni fa. Ban san a ina ta gani ba. Ta ce maganar fitsari ma ana dubawa, ko mutum ya tsufa. Na ce mata a bar tsohuwar rijiya da murfinta. Amma na karɓi takardar da ta ba ni.

Yau na sauka nan, na sayi goro a bakin tasha, fari, irin wanda aka aiko mini, na cika wanda na ci. Na iske Adawiyya tana tsintar wake. Muka gaisa har ƙasa. Na ajiye goron a gabanta na ce na maido. Ta ce ba a taɓa yi ba, goron da aka ci ba ya komawa. Na ce yau an fara. Ta ce ita jika take so ta goya kafin ta mutu, laifi ne? Na ce ba laifi ba ne. Ta ce haka aka yi wa iyayenmu kuma suka haihu. Sai na matsa kusa da ita na gaya mata abin da na rubuta miki ranar Alhamis, da bakina, har da maganar zanen wanki. Ban taɓa jin maganar a kunnena ba sai yau. Muryata ta yi kamar ta wata.

Ba ta ce na yi gaskiya ba. Ta tura tiren wake gefe, ta ce ƴarku ce, ku kuka sani. Ranta a ɓace yake, za ki ga fuska kwana biyu, ki daure. Amma na aika wa wanzamin cewa babbar gidan yarinya ba ta zuwa, kuma duk wanda ya taɓa ki ba da yawuna ba. Ba zai zo ba.

Kayan na wajen Nasiru, a ƙasan kwandon yakuwa. Na ɗinka musu sabuwar jaka mai igiya. Ki ƙulle bakin sosai saboda tsofaffi masu neman allura.

Mota ta cika. Allah ya ba ki sa'a.

Kakarki,
Hawa


Gangara, ranar Lahadi

Zuwa ga jikata Zuhaira,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, da Nasiru, da surukarki. Mu nan sai godiya. An gama sussuka, akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu.

Takardarki ta iso bayan wata biyu da rabi. Layi biyu, ke da kika yi lakwal shekara goma sha wani abu. Kin ce kin kai na uku, kuma kina so ki zo ki yi sati biyu. Na karanta ya fi sau goma, ba don rubutun ya yi mini wuya ba. Ba ki ce kin yafe ba. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba.

Na sa kafinta ya yi wa ɗakin baya ƙyaure, da sakata ta ciki. Ya ce Iya me kike ɓoyewa, zinariya? Na ce masa ya yi aikinsa. In kin shiga kin sa sakata, ni zan zauna a waje da ƙwaryar gyaɗa ina ɓara. Duk wadda ta zo, jikata na barci. A da ƙafafunki na yi alkawarin riƙewa. Yanzu ƙofa zan riƙe.

Takardar sajfam na nan ƙarƙashin filo. In za ki koma wurinta ki tafi da ni, wai don gwiwa.

Saura abu ɗaya, ina jin kunyar rubuta shi ya fi duk na baya. In kin gama da na huɗu, ranar ta zo tsakaninki da mijinki, ko bana ko baɗi, ba na son labari, ba maganar kaka ba ce. Kalma ɗaya kawai za ki aiko da Aghali. Sajfam ta ce mini in an bi a hankali ba ya zafi, har mace takan so. Na gyaɗa mata kai don kada in ƙaryata ta a wurin aikinta. Amma ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Ki gaya mini in gaskiya ne. Ina so in sani kafin in je in iske kakanki, akwai maganar da ban gama masa ba.

Ki taho da bargo, akwai sanyi. Ki ce wa Nasiru ina nan ina jiran zanena.

Ni ce kakarki,
Hawa